Hannun da Yake Juya Takalmi

Na Allah ne mu, kuma gare Shi muke komawa. Kawuna ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a gidansa da ke Daura, daidai lokacin da gero ya nuna ana shirin girbi. Ciwon bai daɗe ba. Ya sha kunu, ya ce a buɗe masa taga yana son ganin haske, aka buɗe, shi ke nan.

Kafin azahar ƙofar gida ta cika, kuma kowa da sunan da ya zo da shi. Masu sayar da littattafai na bakin kasuwa suka ce marubuci ya tafi. 'Yan acaɓa suka ce mai waƙa ya tafi, ɗaya daga cikinsu har ya fara rera wani baiti a hankali kafin na kusa da shi ya zungure shi. Mutanen Kongolam, masu tsallakar da kaset ɗinsa zuwa Nijar, suka ce mai fim. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta zauna a kan tabarma ta share ido da bakin zane ta ce, "Allah Ya jiƙansa, shi ya sa akuyata a talabijin." Mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwarsa, kuka kawai take tana cewa, "Yanzu wa zai riƙa tsokanata?"

Matarsa, wadda muke kira Inna, ban ga hawayenta ba. Tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi, duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta amsa, sannan ta ƙara da cewa, "Ya huta da jiran rana."

Washegari wani manomi ya zo daga Dutsi da 'yan matansa biyu a bayan babur. Ya nemi izini ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Inna, ya durƙusa.

"Inna, ni ne mutumin Dutsi. Da ni da mai ɗakina ya fara. Ita ta riga shi tafiya. Waɗannan biyun ba su yi wayo da ita ba, a kaset ɗinsa suke ganin tafiyarta."

Inna ta ce, "Allah Ya jiƙan su gaba ɗaya. Ku 'yan mata ku shigo ku sha ruwa."

Babban yayan Kawu da mahaifiyata shi ne Malam, mai karantar da littattafan fiƙihu a zaurensa. Shi ya yi wa Kawu wanka, shi ya sallace shi, kuma waɗanda suka tsaya a sahun gaba sun ce muryarsa ta karye a kabbara ta ƙarshe. Ranar sadakar uku ya sa aka kira mahaifiyata da ni da ɗan Kawu guda ɗaya, wanda ke fataucin dabbobi kuma bai taɓa yi wa Malam musu ba. Ya nuna akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Kawu. A ciki uwayen kaset suke, waɗanda daga su ake buga sauran, da dukkan waƙoƙinsa.

"Idan an tashi daga zaman makoki zan ƙona wannan," in ji shi. "Duk ranar da wani ya kunna kiɗa ko ya kalli matar da ba tasa ba, ina tsoron a rubuta wa ɗan'uwana a kabarinsa. Na bari ya yi abin da yake so yana raye. Yanzu ba shi da bakin da zai tuba, ni ne bakinsa."

Mahaifiyata ta ce, "Yaya, ai sun riga sun bazu a duniya."

"Waɗanda suka bazu sai ƙura ta cinye su, in dai babu uwa. Abin da hannunmu ya kai shi za a tambaye mu."

Ba don ƙiyayya ya faɗa ba, idonsa jawur yake. Abin da ya sa maganar ta yi mini nauyi ke nan. Kafin in faɗi yadda aka ƙare da akwatin, bari in faɗi wane ne mai shi.

Da littafi ya fara. Yana rubutawa a gindin dalbejiyar ƙofar gida, ya kai Kano a buga, ya ɗauro su a bayan babur ya bi kasuwanni. Waƙa kuwa a kan hanya take zuwa masa. Sau da yawa an gan shi ya tsaya a gefen titin Baure, ƙafa ɗaya a ƙasa, bakinsa na motsi, masu wucewa su tsaya su tambaye shi ko mai ne ya ƙare. Sai ya ɗaga musu hannu kada su yi magana, don kada baitin ya gudu. Da bidiyo ya shigo gari ya sayar da sa ya sayi kyamara, Malam ya yi wata bai amsa gaisuwarsa da kyau ba.

Bai taɓa zama a ƙarƙashin kowa ba. Dillalan kaset na Kano sun yi ta lallashinsa ya koma can, ya sa rawa a bakin ruwa kamar yadda kasuwa ke so. Ya dawo yana ba mu labari yana dariya.

"Na ce musu mu a Daura ruwanmu a rijiya yake. Wa zai yi rawa a bakin rijiya bai faɗa ba?"

Waƙoƙinsa a kan gonaki yake ɗora su, da shanu suna dawowa, da mata suna sussuka. Ba ya ɗaukar hoto sai da hantsi ko bayan la'asar. Zai iya tara mutane tun safe, gajimare ya tare rana, ya zauna a kan dutse yana ɓare gyaɗa har a watse. Idan an yi ƙorafi sai ya ce, "Rana ma'aikaciyata ce. Ba na biyanta, don haka ba na yi mata faɗa."

Ni sunan mahaifiyarsu na ci, shi ya sa daga shi har Malam "Uwata" suke kirana, kuma wannan ya ba ni bakin da sauran 'ya'yan dangi ba su da shi. Na tashi da littattafan soyayya na haya, waɗanda bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi kamar tsumma. A cikinsu na koyi cewa idan so ya kama mutum abinci fita masa a rai yake yi, da cewa masoyi na gaskiya yana iya magana shafi uku bai numfasa ba. Har yau, ga aure ga 'ya'ya, ban daina yarda da rabin abin ba. Da na gama sakandare na roƙi Kawu ya bar ni in rubuta masa maganganun masoya a fim. Ya yarda. Na kwana biyu ina zuba zuciyata, na kawo masa.

Ya karanta da ƙarfi a tsakar gida, hannu a ƙirji, Inna na tsince shinkafa a gefe.

"Ya hasken idanuna, ya sanyin ruhina, numfashina ya rataya a kan murmushinki." Ya sauke takardar. "Uwata, wannan saurayin asma gare shi?"

"Kawu, haka so yake."

"A ina? Kai ni gidan da ake faɗin haka in kai kyamara."

"To ku tsofaffi me kuka sani? Kai ka taɓa gaya wa Inna magana mai daɗi ko sau ɗaya?"

Inna ba ta ɗago ba ta ce, "Ya taɓa ce mini miya ta yi gishiri."

Na yi fushi na gaske, na yi mako ban taka gidan ba. Shi ya biyo ni da kansa, da ƙullin alewar madara. Ya ce in ci gaba da rubutawa, shi kuma zai ci gaba da yankewa, a haka za mu haɗu a tsakiya. Sannan ya faɗi maganar da na ji daga bakinsa ya fi a ƙirga: "Baki ya iya ƙarya, fuska ma ta iya. Ki riƙa kallon hannu."

Ana haka aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya ɗauki zafi a kan 'yan fim, a masallatai ana ta magana. Malam ya zo gidan da kansa, abin da bai saba ba, suka zauna a zaure, mu muna jiyo su daga ciki.

"Kana haɗa namiji da macen da ba muharramarsa ba, kana ce musu su kalli juna da sha'awa, kana ɗauka. Wannan a wane babi ka gani?"

"Yaya, ko hannu ba sa taɓawa."

"Ido fa? Ido ba ya zina?"

Kawu mutum ne mai gardama, amma idan hujja ta kama shi ba ya ɓoyewa. Can sai ya ce, "To idan mijinta ne fa?"

"Wane ne?"

"Idan wanda take kallo mijinta ne na sunna, da shaidu da sadaki?"

Malam ya ce, "Kai tun kana yaro ba ka rasa ƙofar baya." Ya tashi ya tafi, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Tun daga ranar Kawu ya yi wa kansa doka: ba zai ƙara haɗa masoya a fim ba sai mata da miji na gaskiya. Murna yake kamar wanda ya tsinci raƙumi. A ganinsa ya rufe bakin malamai, kuma ya samu mutanen da ba sai an koya musu so ba. Ya samo manomin nan na Dutsi da matarsa, sabon aure, ana ta labarin yadda suke son juna. Ya tafi da ni don in zauna da matan gidan hankalinsu ya kwanta.

Abin da Kawu ya manta shi ne kunya. Bare da bare suna iya kallon juna a gaban kyamara, don sun san wasa ne. Matar aure a ƙauye, a gaban surukarta, da ƙannen miji sun hau katanga suna leƙe, ka ce ta kalli mijinta ido cikin ido? Da Kawu ya ce, "To, ɗago ki dube shi," sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ruga bayan rumbu. Aka lallaso ta. Ya ce ta kira sunansa. Ta dafe baki.

"Sunansa? Ni?"

Mijin ma bai fi ta ba. Ƙato ne, yana ɗaga buhun gero da hannu ɗaya, amma aka ba shi magana ɗaya tak daga cikin nawa, wadda Kawu ya rage ta koma "Na yi kewarki," sai gumi ya karyo masa. Ya dubi tinkiyar da ke ɗaure a turke ya gaya mata. Surukar ta ce, "Yau ga iskanci da rana tsaka," amma ba ta tashi daga wurin ba.

Rana ta yi, rana ta faɗi, ba mu samu komai ba. Daga ƙarshe Kawu ya ce a bar magana, a bar kallo. Mijin ya shiga ɗaki ya bar takalmansa a bakin ƙofa, ita kuma ta zo wucewa ta sunkuya ta juya su su fuskanci waje, yadda idan ya fito zai zura ƙafa kawai. Ta ce ai wannan kullum tana yi. Amma da kyamara ta matso kusa da hannunta sai dariya ta kama ta, ta jefar da takalmin ta sake rugawa. A hanyar dawowa Kawu bai rera ko baiti ɗaya ba.

Da fim ɗin ya dawo daga tacewa a Kano muka taru kallo. Ga matar Dutsi ta fito da tulu, ga ta ta nufi ƙofa, ta sunkuya. Sai hoton ya koma kusa: hannu kawai, da jan lalle, ya ɗauki takalmi ɗaya ya kakkaɓe ƙurarsa, ya juya shi, ya ɗauki ɗayan, ya daidaita su kai da kai, sannan ya ɗan tsaya a kansu kafin ya janye. A daidai nan waƙar ta shigo. Ni da na kwana biyu ina rubuta sanyin ruhi, sai na kasa ɗauke ido daga kan hoton.

Na ce, "Kawu, yaushe ka koma Dutsi?"

Ya ce, "Rana ce ta taimaka."

Daga nan abin ya zama hatiminsa. Ya yi fim da makiyayi da matarsa a wajen garin Babban Mutum, ya yi da tela da matarsa a cikin gari, ya yi da wasu tsofaffi da suka aurar da jikoki. A kowanne mata da miji ba sa kallon juna, ba sa faɗin komai sai zancen gishiri da kuɗin niƙa da ciwon ɗan maraƙi, kuma a kowanne akwai wurin da hannu zai juya takalmi. Mata suka riƙa jiran wurin. Wani mahauci ya tare shi a kasuwa ya ce, "Ka ja mana. Yanzu idan aka yi faɗa a gida sai in fito in tarar takalmina ɗaya gabas ɗaya yamma."

Fina-finansa ba su taɓa cika kasuwar Kano ba, kuma bai damu ba. Daga Daura zuwa ƙauyukan bakin iyaka kuwa, duk gidan da ke da bidiyo da janareta za ka samu nasa.

Da matar Dutsi ta rasu wajen haihuwa, Kawu ya shige ɗakinsa ya fito da duk hotunan da suka lalace a wancan yinin, waɗanda bai sa a fim ba: tana rugawa bayan rumbu, tana dariya da mayafi a baki, tana cewa "Sunansa? Ni?" Ya kai Kano aka haɗa su wuri ɗaya, ba kiɗa, ba waƙa, ya hau babur ya kai wa mijin. Bai gaya wa kowa ba. Daga bakin manomin muka ji, shekaru bayan haka.

Abu ɗaya ne ya riƙa ci mini rai, shi ne Inna. 'Yar gidan malamai ce, ba ta fita sai da dalili. Duk lokacin da aka taru kallon sabon fim a gidan sai ta ɗauki kwanonta ta koma madafi ta ce, "Ni ba na kallon shiririta." Hirarsu da Kawu ba ta wuce, "Ka sayo daddawar?" "Na manta." "Ai na sani." Ina kallonta da tausayi irin na wadda ta karanta littattafai. A raina ina cewa, ga mutum ya cika ƙasa da waƙoƙin so, matarsa ko baiti ɗaya ba ta samu ba. Saboda haka da Malam ya yi maganar ƙonawa ban ko yi tunanin zuwa wurinta ba. Na je wurin mahaifiyata, ta ce ba ta iya ja da Yaya. Na je wurin ɗan Kawu, ya ce, "Abin da Malam ya gani shi ne."

Ranar da aka naɗe tabarmin makoki, bayan la'asar, Malam ya shigo da galan ɗin kalanzir a hannunsa. Ya sa aka fito da akwatin tsakar gida. Na tsaya a gabansa, duk hujjojin da na tanada suka watse, abin da ya fito kawai shi ne, "Malam, aikin ransa ne."

"Uwata, ransa nake ji wa."

Sai muka ji murya daga bayan labule. A iya sanina Inna ba ta taɓa yi wa Malam maganar da ta wuce gaisuwa ba, saboda kunyar yayan miji.

"Malam, ina neman arziki."

Ya juya, ya sunkuyar da kai. "Ina jin ki."

"Kafin a zuba, a sa guda ɗaya. Kowanne aka ɗauka."

"Ke da ba kya kallo?"

"Ba ni zan kalla ba. Kai za ka kalla."

Ban san abin da ya sa ya yarda ba, wataƙila don mai takaba ce ba a son a ƙi ta. Aka ta da janareta, aka jawo talabijin bakin ƙofar falo, kusa da ɗakinta. Na zura hannu na ɗauko wanda ya zo, ashe na Babban Mutum ne. Malam ya zauna a kan tabarma, galan a gefensa, fuska a ɗaure. Waƙa ta fara.

"A rage wannan," in ji shi. Na rage.

Shanu suka wuce. Wata gona ta fito da tsamiya a tsakiyarta. Malam ya ɗan matso. "Wannan ai gonar mahaifinmu ce. Yaushe ya je can?" Matar makiyayin ta fito da ƙwarya, ta nufi bukka, ta sunkuya. Hoton ya koma kan hannu.

"Tsayar da shi nan," in ji Inna.

Na tsayar. Labulen ya motsa daga ƙasa, hannu ya fito, shi kaɗai, ba lalle ba zobe saboda takaba, ya kwanta a kan dandamalin ƙofa kusa da talabijin. Ƙaramin yatsan Inna a karkace yake, tun tana yarinya taɓarya ta same shi. Na san wannan yatsan tun ina ƙarama, shi yake miƙo mini ƙosai. Na dubi na cikin talabijin. A karkace yake.

Na kalli fina-finan nan har na haddace su, amma fuska nake kallo.

Inna ta ce, "Matan ƙauye kunya ta hana su. Ranar da ya dawo daga Dutsi ko tuwo bai ci ba. Da safe ya fito zai tafi masallacin unguwa gaisuwar wani, na gyara masa takalmi, sai ya tsaya yana kallona kamar bai taɓa gani ba. Ya ce in sake. Na ce ba ni da lokacin shiririta. Ya ce hannu kawai, ba wanda zai sani. Duk wanda ka gani a cikin akwatin nan, nawa ne. Takalman ma sai sun zama nasa, na mutanen yake arowa ya sa su a ƙafarsa tukuna, don na ce ni ba na juya takalmin wani ƙato."

Mahaifiyata ta yi dariya cikin kuka.

"Da hantsi muke yi, in yaran gida sun tafi makaranta. Sai ya zaunar da ni da lalle a hannu muna jiran rana, aiki na jirana. A nan yake rera mini waƙar da zai ɗora, ya ce in ta yi in yi shiru, in ba ta yi ba in yi tsaki. Na yi tsaki da yawa." Ta gyara murya. "Malam, ni ban san hukunci ba, ku kuka sani. Idan akwai laifi, tare muka yi, kuma ni ina raye, zan roƙa mana mu biyu. Amma ban taɓa kallon ko ɗaya ba, na ce sai ranar da babu takalmin da zan juya. Yau ga ranar ta zo, ka zo da kalanzir."

Hannun ya koma ciki.

Malam ya daɗe yana kallon hoton da ke tsaye. Janareta na ta ƙara. Da ya yi magana, ba da kowa yake ba.

"Haka tsohuwarmu take yi wa mahaifinmu. Har kakkaɓewar." Ya shafa gemu. Sannan ya gyara zama, muryarsa ta koma irin ta zaure, ta mai karantarwa. "Na yi gaggawa a wuri ɗaya. Wannan akwati dukiyar mamaci ce, ta zama haƙƙin magada, ba ni da ikon ƙona ta kafin a raba." Ya dubi ɗan Kawu. "Kana da buƙata da shi?"

"Abin da Malam ya gani."

"To na gani. A sa shi cikin tumunin takabarta. Abin da ta yi da kayanta, tsakaninta da Ubangijinta." Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Kiɗan dai har yanzu ban yarda da shi ba. Ku riƙa ragewa. Kuma duk wanda ya kalla ya yi masa addu'a, ko ta rage wani abu."

Ya kai bakin zaure mahaifiyata ta ce, "Yaya, ka bar galan ɗinka."

"Ku zuba a risho."

Yanzu akwatin yana ƙarƙashin gadon Inna. Ta sa an juye su a faifai, don kaset ya fara tsufa, ta aika wa mutumin Dutsi nasa. Ba a sayarwa, amma duk wanda ya zo nema ana ba shi, da sharaɗin Malam. Shi kuma duk Juma'a bayan an sauko yana biyawa ta maƙabarta, ya daɗe a tsaye.

Ni na ci gaba da rubutu, kuma har yanzu masoyana suna magana fiye da yadda Kawu zai so. Sai dai idan na kai shafi na biyu ina jin muryarsa yana tambaya ko asma gare su, sai in yanke.

Ran nan na je gaishe ta da hantsi, na tarar da ita ita kaɗai a gaban talabijin, an rage sauti. Na zauna kusa da ita muka kalla har wurin ya zo. Na kasa haƙuri na ce, "Inna, don Allah, ko sau ɗaya bai taɓa faɗa miki da baki ba?"

Ta harare ni. "Ke dai littattafan nan sun lalata ki." Ta mayar da ido kan hoton. Can ta ce, "Dubi yadda ya sa rana a kan yatsan. Na ce masa ya ɓoye shi, mummuna ne. Ya ce in ya ɓoye, ta yaya zai gane ni?"

Allah Ya haskaka kabarinsa da hasken da ya fi wanda ya yi ta jira. Allah Ya yafe masa abin da Malam yake tsoro, Ya karɓi abin da Inna ta sani, Ya sa idan tamu ta zo mu tarar da hanya a gyare.